Rautar intanet ta gida: Yadda ake gano tushen matsala kafin a taɓa maɓallin gogewa

Rauta ita ce ƙaramar na'urar nan mai jerin fitilu da ake ajiyewa a falo, a shago ko a ofis, wadda ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, ta rarraba shi ga wayoyin hannu da kwamfutoci da talabijin ta hanyar Wi-Fi. A gidaje da dama na Najeriya sana'a da karatu sun rataya a kanta: mai tallar kaya a WhatsApp, ɗalibin da ke rajistar kwasa-kwasai a shafin jami'a, da ma'aikacin da ke halartar taro daga gida, duk da ita suka dogara. Idan ta tsaya, aiki ya tsaya, kwanakin datar da aka biya kuma suna ci gaba da tafiya.

Galibin ruɗanin da ake shiga a irin wannan hali ya samo asali ne daga ɗaukar Wi-Fi da intanet a matsayin abu guda. Gadoji biyu ne. Ta farko tana tsakanin wayar mutum da rauta, a cikin gida, ita ce Wi-Fi. Ta biyu tana tsakanin rauta da kamfanin sadarwa, ita ce ke kawo intanet. Waya na iya nuna alamar Wi-Fi a cike alhali gada ta biyu ta karye, kamar yadda famfunan gida kan kasance lafiya lau amma ruwa bai zo daga hukumar ruwa ba. Wanda ya fara tantance wace gada ce ta karye ya yi rabin gyara. Wanda bai tantance ba yakan ɓata saitin da babu abin da ya same shi.

Hanyoyin da intanet ke shiga gida

Akasarin rautocin da ke gidajen ƙasar nan masu katin sim ne, suna kama sabis ɗin 4G ko 5G daga turakun kamfanoni irin su MTN, Airtel, Glo da Spectranet, kamar dai yadda wayar hannu ke yi. Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon 5G na farko a watan Disamban 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, sai dai har yanzu a manyan birane aka fi samunsa. Rukuni na biyu shi ne na kebul ɗin fayiba, wanda ke ɗauko saƙo da haske ta cikin siririn zaren gilashi, irin wanda ipNX da FiberOne ke ja zuwa gidaje a Legas da Abuja. Na uku shi ne na tauraron ɗan'adam: Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ya shiga. Gada ta farko iri ɗaya ce a dukkansu. A gada ta biyu ne kowanne ke da irin ciwonsa.

Gwajin farko

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar kuɗi ko mai gyara. A ɗauki waya ta biyu ko kwamfuta a haɗa da rautar. Idan ta biyun ta buɗe shafi, laifin na wayar farko ne. Idan dukkan na'urorin gidan sun kasa, sai a koma ga rautar a dubi fitilunta. Kusan kowace tana da fitilar wuta, da ta Wi-Fi, da ta intanet wadda akan yi mata hoton duniya, masu sim kuma suna da 'yan sanduna masu nuna ƙarfin sabis. Ma'anar launi ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, shi ya sa ba a yar da takardar da ta zo a cikin kwali, amma galibi ja alama ce ta yankewa. A akwatin fayiba akwai fitila mai rubutun LOS. Idan ta yi ja, hasken da ke zuwa ta zaren gilashin bai iso ba, ko dai kebul ya tsinke a titi ko ya lanƙwashe a cikin gida, kuma babu saitin da mai gida zai taɓa ya magance wannan. Aikin ma'aikatan kamfani ne. Ba a leƙa bakin zaren da ido, domin hasken da ke fita daga cikinsa ba a ganinsa, kuma yana iya yi wa ido illa.

Daga nan sai kashewa da kunnawa. A zare rautar daga soket, a jira kamar daƙiƙa 30, a mayar, a ba ta minti 2 zuwa 3 ta gama tashi. Inda akwai akwatin fayiba daban da rauta, shi ake fara kunnawa. Mutane na raina wannan mataki saboda sauƙinsa, amma rauta ƙaramar kwamfuta ce, tana cushewa idan ta daɗe a kunne, kuma kunnawar na sa ta sake neman haɗi da kamfani daga farko.

Wutar lantarki da zafi

Littattafan da ke zuwa da waɗannan na'urori an rubuta su ne bisa zaton wuta tsayayya ce, don haka ba kasafai suke tsayawa a kan abin da ya fi addabar mai amfani da su a Najeriya ba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareto ko inbata, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma wanda ke tsakiyar taro ko tura kuɗi zai ga kamar sabis ne ya yanke. Maganin wannan shi ne ƙaramin batirin ajiya da ake sakawa tsakanin soket da rauta, wanda ke riƙe ta na wasu sa'o'i.

Caja ma babbar mai laifi ce da ba a cika zargi ba. Yawancin rautoci na aiki da bolt 12, kuma an rubuta adadin bolt da amfiya da kowace ke buƙata a ƙasanta. Idan cajar asali ta ƙone aka sayo wata a kasuwa don kawai bakinta ya shiga, akan faɗa ɗaya daga cikin matsaloli biyu. Wadda bolt ɗinta ya fi na rautar yawa na iya ƙona ta. Wadda amfiyarta ta gaza kuwa za ta kunna fitilu kamar komai lafiya, amma da zarar mutane sun hau, sai rautar ta mutu ta sake tashi, ta yi ta maimaitawa. Amfiyar caja ta ɗara wadda aka rubuta ba laifi ba ne, bolt ne tilas ya zo daidai.

Masu ƙera rautocin gida galibi suna ƙayyade zafin da za su iya jurewa a kan digiri 40 na ma'aunin Selshiyos, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan haura haka tsakanin Maris da Mayu. Rautar da aka ɗora a kan dikoda, ko aka rufe da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu kamar yadda ake rufe talabijin, takan yi zafi ta rage gudu ko ta tsaya da tsakar rana, ta dawo da yamma. Wanda ya lura matsalarsa na bin sa'o'in zafi, ya fara da sauya mata wuri. Da damina kuwa, zare ta daga soket lokacin tsawa ya fi sayen sabuwa arha.

Idan laifin daga waje yake

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebula huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, daura da Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a Najeriya da ƙasashe maƙwabta, har harkokin wasu bankuna suka tsaya cik. A ranar, duk wanda ya goge saitin rautarsa ya ƙara wa kansa aiki ne kawai. Ƙananan irin wannan na faruwa a kai a kai, musamman inda masu aikin titi ko masu haƙa kwalbati suka tsinka fayibar da ke ciyar da turakun sadarwa, ko ɓarayi suka yi awon gaba da kayan turke. Yawan hakan na daga cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024. Hanyar ganewa ita ce a kashe Wi-Fi a wayar da ke kan layin kamfani ɗaya da rautar, a gwada datarta, ko a tambayi maƙwabci. Idan kowa na kuka, sai haƙuri da kai rahoto.

Masu Starlink su sani cewa ruwan sama mai ƙarfi na raunana sabis na ɗan lokaci, kuma reshen bishiya ko tankin ruwa da ya tare wa farantin sararin sama yakan jawo yankewa ta 'yan daƙiƙu a kai a kai. Manhajar kamfanin na nuna inda aka tare.

Rauta mai sim

A nan ana farawa da tambayar da mutane ba su son a yi musu: akwai data? Tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya, ta yadda *323# ke nuna ragowar data a kowane layi, *310# kuma ragowar kuɗi. Ana iya zare sim ɗin a saka a waya a duba, ko a duba ta manhajar kamfani. Tsare-tsaren da ake tallatawa a matsayin marasa iyaka galibi suna da ƙa'idar da ke rage gudu ƙwarai bayan an cinye wani adadi, kuma mai gida zai ɗauka rautarsa ce ta lalace. Saka sim ɗin a waya na kuma bayyana ko an rufe layin. Shirin haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, wanda aka fara a Disamban 2020 aka kuma sanya wa wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumba, 2024, ya shafi layukan rauta kamar yadda ya shafi na waya, sai dai saƙon gargaɗin da ake turowa layin rauta ba mai karanta shi, domin yana kwance a cikin na'ura.

Idan layi lafiya yake, data na nan, amma intanet bai zo ba, sai a duba abin da ake kira APN, wato sunan ƙofar da sim ke bi ya shiga intanet ɗin kamfaninsa. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. Rautar da kamfani ya sayar takan zo da shi a shirye, amma wadda aka sayo daban ko aka sauya wa sim wani lokaci sai an rubuta mata da hannu. Rautocin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rangwame yawanci a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin wani. Waɗanda aka shigo da su daga waje kuma ba lallai ne su iya kama duk zangunan da ake amfani da su a nan ba. Wannan ya taɓa ba masu Glo wahala, domin ya fara 4G ɗinsa a kan zangon 700MHz, wanda na'urori da yawa na lokacin ba su kamawa.

Sandunan sabis ba su cika faɗin gaskiya ba. A shafin saitin rautoci da dama akwai lamba mai suna RSRP, wadda ke auna ƙarfin siginar turke, ana rubuta ta da alamar ragi. Abin da ya kusanci -80 mai kyau ne, abin da ya gangara ƙasa da -100 kuwa rauni ne. A ɗauki rautar a zagaya da ita tagogin gida ana kallon lambar, sau da yawa tazarar taku biyar kan sauya al'amari. Idan sigina na da ƙarfi amma gudu na faɗuwa kowane dare bayan sallar isha'i, cunkoson jama'a ne a kan turke ɗaya, kuma sauya wurin rauta ba zai warware shi ba. Game da na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa, NCC ta sha gargaɗin cewa girka su ba da izini ba saɓa doka ne, domin suna dagula wa maƙwabta sabis.

Cikin gida: bango, kwano da maƙwabta

Wi-Fi na tafiya a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Kada a rikita na biyun da 5G na kamfanonin waya, sunan ne kawai ya yi kama. Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Zangon 5 ya fi gudu, amma bango biyu na bulo da siminti sun isa su karya shi, kuma wasu tsofaffin wayoyi da ƙananan kyamarorin tsaro ba sa ganinsa kwata-kwata. Wanda ke daki ɗaya da rauta ya hau 5, na ƙuryar gida ya hau 2.4.

Ƙarfe da ruwa su ne manyan abokan gabar sigina: ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji, babban madubi, tankin ruwa. Rauta ta fi aiki a tsakiyar gida, a sama kamar bisa kanta, a fili. Wannan na cin karo da buƙatar mai sim ta zama kusa da taga, don haka a babban gida mai sassa da yawa akan bar ta a tagar da ta fi sabis, a ja kebul zuwa rauta ta biyu a ɗaya sashen. Kebul ɗin na iya kai mita 100 ba tare da ya rasa ƙarfi ba, kuma ya fi na'urar maimaita sigina aminci, wadda galibi ke raba gudu biyu.

A gidajen haya da benaye inda kowane ɗaki ke da rautarsa, sigina kan hau kan juna. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, kuma sauyawa daga ɗaya zuwa wata a shafin saiti kan rage yankewa.

Idan waya ɗaya ce ta ƙi, a sa ta manta da sunan Wi-Fi ɗin a sake shigar da kalmar sirri, ana lura da manya da ƙananan baƙaƙe. A duba kwanan wata da agogonta, domin idan sun kauce, shafuka masu tsaro ba sa buɗewa. Kwamfutar da adireshinta ya fara da 169.254 ba ta samu adireshi daga rauta ba ke nan, ita ta ba kanta. Ƙananan na'urorin aljihu da ake kira MiFi kuma galibi ba sa ɗaukar fiye da na'urori 10 zuwa 16, wanda ya zo bayan an cika sai ya tsaya a waje. Akwai kuma lokacin da WhatsApp ke aiki amma burauza ta ƙi buɗe shafuka. Wannan kan nuna matsalar DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambarsa, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare kan warware ta.

Wani abin da ake kira matsala kuwa lissafi ne kawai. Kamfanoni na tallata gudu da megabit, waya kuma na nuna saukar fayil da megabait, kuma megabait ɗaya megabit 8 ne. Mai tsarin megabit 20 da ya ga fayil na sauka da megabait 2.5 a daƙiƙa ya samu cikakken abin da ya biya.

Shafin saiti da kalmomin sirri biyu

Ana shiga cikin rauta ta hanyar rubuta adireshinta a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta. Shafin ba ya buƙatar intanet, don haka buɗewarsa shaida ce cewa gada ta farko lafiya take. Idan ya ƙi buɗewa a waya, a kashe datar wayar a sake gwadawa. Kalmar sirrin shiga wannan shafi daban take da ta hawa Wi-Fi, kuma rikita su na daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da masu sabuwar rauta.

Wajen haɗa rauta ta biyu, kuskuren da aka fi yi shi ne barin su biyun da adireshi ɗaya, ko barin kowace tana raba wa na'urori adireshi. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da ta biyun matsayin mai watsa sigina kawai, zaɓin da yawancin sababbin samfura ke da shi. Haka kuma kebul ɗin da ya fito daga akwatin fayiba ramin WAN yake shiga, wanda akan bambanta launinsa da na sauran.

Data mai saurin ƙarewa

Tun bayan da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, saurin ƙarewar data ya ƙara zama abin damuwa a gidaje. Zargi kan faɗa kan maƙwabta, kuma wani lokaci da gaskiya: wayoyin zamani na iya nuna kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin hoton lamba, yaro ɗaya ya isa ya raba wa layi guda. Shafin saiti na nuna jerin na'urorin da ke kai. Toshe baƙuwar waya ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗorewa, domin tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na iya sauya lambar shaidarsu. Sauya kalmar sirri ya fi tasiri. Ta kasance doguwa, tsarin bai karɓar ƙasa da baƙaƙe 8, kuma kada ta zama lambar wayar maigida. A zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a guji tsohon WEP, a kashe WPS wanda aka gano rauninsa tun 2011, a kuma sauya kalmar shiga shafin saiti idan har yanzu tana kan admin.

Sai dai sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne. Waya na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin kyauta, da ta hau sai ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiyar intanet. Talabijin ma haka: bisa ƙiyasin Netflix, kallon sa'a ɗaya na cin kimanin gigabait 1 a matsakaicin hoto, har zuwa 3 a mai kyau, har zuwa 7 a mafi inganci. Android da Windows duka suna da zaɓin da ake shaida musu cewa wannan Wi-Fi na awo ne, su rage ci.

Maɓallin gogewa da kai ƙorafi

A bayan kowace rauta akwai ɗan rami da ake danna wa tsinke na kimanin daƙiƙa 10. Yana mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta: sunan Wi-Fi, kalmomin sirri, APN da aka rubuta da hannu, duk su tafi. Ga mai fayiba asarar ta fi girma, domin sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya saka a ciki su ma kan goge, kuma ba kowane mai gida ne ke da su a rubuce ba, sai ya jira zuwan ma'aikaci. Gogewa ta dace ne idan an manta kalmar shiga shafin saiti, ko an dagula saitin har ba a san inda aka taɓa ba, kuma kafin a yi ta a ɗauki hoton kowane shafi. Haka nan ba a sabunta manhajar cikin rauta a kan wutar da ba a amince da ita ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe na'urar gaba ɗaya.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a kira kamfani. Lambar kula da abokan hulɗa ta kamfanonin waya ita ce 300, masu fayiba da sauransu kuma lambarsu na kan rasit ko manhajarsu. Ƙorafin da ya zo da lokacin da matsalar ta fara, launin fitilu, lambar RSRP da sakamakon gwajin gudu na safe da na dare ya fi saurin samun amsa. A nemi lambar ƙorafi a adana ta, domin idan kamfani bai warware ba, da ita ake ɗaukaka ƙara zuwa NCC ta layinta na kyauta, 622.